Fulmaya da Mutanen Mishan

Fulmaya Tamang 'yar ƙasar Nefal ce, tare muke aiki a wani gidan kula da tsofaffi a unguwar Soundview, kusa da Manhattan. Guntuwa ce, ga ƙarfin hannu, ga ƙarancin magana. Ni kuwa Hadassa bakina ba ya hutawa, shi ya sa tamu ta zo ɗaya.

Wanta fasto ne a ƙauyensu, can bisa duwatsu. Cocin ɗaki guda ne, a ƙasa suke zama su yi sujada da yarensu. Maƙwabta mabiya Buddha ba su taɓa tsangwamarsu ba, don in ƙasa ta zaftaro kan gidan wani, 'yan cocin ne ke fara isa da shebur.

Ana nan sai wata mishan ta Turawa da ke aika musu magani ta gayyace ta Manhattan ta ba da shaida, wai ta zo da hoto. Baiwar Allah ta ɗauko hoton ranar da wanta ya yi wa mutane baftisma a rafi ta miƙa, a zatonta a bango za a haska a kashe. Na ce, "Fulmaya, mu a Jos mun san irinsu. Kyautarsu da kyamara take tafe." Ta yi dariya, ta ce na cika zargi.

Mutanen mishan suka sa hoton a intanet, da sunan ƙauyen da fuskar kowa, wai ga rayukan da suka ribato. Mutanen da ko hanyar garin ba su sani ba.

A Nefal doka ta hana sauya wa mutum addini. 'Yan sanda suka tafi da wan nata. Maƙwabta suka ce ashe cocin na baƙi ne, da ƙwayar magani aka saye musu 'ya'ya. Ana cikin haka tsohuwarsu ta rasu, aka hana su wurin binnewa, sai daji aka kai ta. A waya Fulmaya ta kalla, tana tsaye a ɗakin wanki. Har yau in na tuna zuciyata tafasa take.

Makon jiya wata mata daga mishan ɗin ta bugo mata waya. Wai Fulmaya ta dawo ta ƙara ba da shaida, yanzu labarin zai fi ratsa mutane, su kuma za su nema wa wanta lauya. Na ce ta kashe wayar. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ke za ki fito min da shi?"

Ranar Lahadi ni na raka ta, na zauna a baya ina ji ana tafa mata.