Safiyar da Goggo Sisiliya Ba Ta Sunkuya Ba

Bana shekara bakwai ke nan da safiyar da Goggo Sisiliya ta kasa sunkuyar da kanta. Muna zaune ƙarƙashin rumfar kara a tsakar gidanmu na Matameye, tana fuskantata kamar kullum, carbi yana hannuna. Muka kai ƙarshen goman farko, wurin da ake cewa ɗaukaka ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, wurin da ita da kanta ta koya mini cewa dole kai ya sauka. Na sunkuya, na ɗago, sai na ga kanta yana nan tsaye kamar an kafa shi. Ido kawai ta runtse. Ba ta yi nishi ba, ba ta dafa goshi ba.

Mutanen Matameye ba sa bukatar in gaya musu ko wace ce ita. Rabin matasan garin ita ta yanke musu cibi. Saboda na nesa nake bayani. Yayar mahaifina ce. Tare suka taso daga Dahome lokacin da Nasara ba su daɗe da zama a ƙasar nan ba, shi yana buga waya a ofishin kumandan, baturen da ke mulkin garin, ita tana ungozoma a gidan likita. Mahaifina ya auri mahaifiyata, 'yar Tsauni, ya sa aka yi mini baftisma da suna Tereza, ya rasu ban fara tafiya ba. A Tsauni na girma wurin dangin uwa. Da mahaifiyata ita ma ta rasu, Goggo ta zo kan jaki ta ɗauko ni, ta sa ni lakwal, wato makarantar boko, ta tsaya har na ci jarrabawar babbar makarantar 'yan mata, can nesa da gida. A duk shekarun nan ba ta taɓa tilasta mini addu'a ba. Sunan Kirista nake da shi, amma ko addu'ar Ubanmu ban iya ba.

A bazarar waccan shekara na zo hutu na tarar da sankarau a gari. An kafa bukkokin zana a bayan gari, ta hanyar Dawce, inda ake kai duk wanda wuyansa ya ƙage. Gardawan kumandan, 'yan sandansa masu jar hula, suna tsaron wurin. Goggo can take yini, tana ba majinyata ruwa, tana juya su, don a lokacin babu wani magani da ya wuce wannan. Ranar da na iso, ko kayana ban ajiye ba ta kai hannu bayan wuyana ta danna. Ni kuwa tun ina ƙarama matsoraciya ce. Na fashe da kuka, na ce ta ga wani abu ne take ɓoye mini, na ƙi cin tuwo, na wuni ina taɓa wuyana har ya fara ciwo da gaske. Ta dube ni, ta girgiza kai, ba ta ƙara kai mini hannu ba.

Washegari ta buɗe akwatinta ta ciro carbin mahaifina, na baƙin itace, da ɗan gicciye a ƙarshensa. Da Hausarta ta mutanen kudu, wadda ba ta taɓa miƙewa ba, ta ce, "Ɗiyata, kin iya lissafi, kin iya sunan kogunan Faransa. Yau za ki koyi abin da ubanki ya iya."

Ni carbin da na sani shi ne na kakana a Tsauni. Don haka kafin in taɓa wannan sai da na je na wanke hannu da fuska da ƙafa. Goggo ta yi dariya har ta share ƙwalla, amma ta ce in bar shi haka, tsabta ba ta taɓa ɓata addu'a ba. Da na karɓa kuma sai na shiga jan ƙwayoyin da sauri, kas-kas-kas, kalma ɗaya ƙwaya ɗaya, yadda na ga tsofaffi suna yi bayan salla. Ta riƙe mini yatsu. Ta ce a wannan carbin ba a barin ƙwaya sai an gama gaisuwar Maryamu tun daga farko har amin. Ta nuna mini inda ake farawa, a gicciye. Ta nuna mini manyan ƙwayoyin da ke tsaye su kaɗai, na Ubanmu, da ƙananan da ke jere goma-goma, na gaisuwa. Ta ce kowane goma yana da labarinsa da ake ajiyewa a zuciya ana tafiya, baki yana aikinsa, zuciya tana nata. Wannan ne ya fi ba ni wuya. In na kama labarin sai kalmomin su kuɓuce, in na kama kalmomin sai in tarar ina tunanin miyar da ke kan wuta.

Duk kuskurena tana yafewa, ban da guda. In mun kai ƙarshen goma, ba ta yarda da ɗan gyaɗa kai. "Ƙasa," take cewa. "Haɓa ta taɓa ƙirji. Ba kumandan kike gaisarwa ba." In ban kai ba sai na sake. Safe da yamma, kafin ta tafi bukkoki da bayan ta dawo ta yi wanka. Kuma ba ta zama kusa da ni yadda take yi in Fada, limamin cocinmu, ya zo daga Zinder, sai dai ta zauna tana fuskantata, idonta a buɗe. Na ɗauka tsananin malami ne. Har na ɗan ji haushinta.

Maƙwabciyarmu Hajiya Rabi, wadda 'ya'yanta ke fataucin fata zuwa Kano, ta kan leƙo ta saman danga ta same mu. Ita da Goggo sun shekara ashirin suna tsokanar juna.

"Sisiliya, carbin nan naku dai gajere ne. Hamsin da 'yan kai? Nawa ɗari ba ɗaya."

"Naki kina gamawa kafin ruwa ya tafasa, Hajiya. Namu sai wake ya nuna."

"To 'yar lakwal, ki dage. In kin gama ki zo ki karɓi fura, kada addu'a ta kashe ki da yunwa."

Muka gama labaran farin ciki, na mala'ika da haihuwa da yaron da ya ɓata aka same shi. Muka shiga na baƙin ciki. Akwai kashi na uku, na ɗaukaka, wanda ta ce shi ya fi daɗi, in yi haƙuri za mu kai. Ba mu kai ba.

A waccan safiyar, da na ga ba ta sunkuya ba, na ce, "Goggo, kin manta." Ta ce, "Ci gaba." Na ci gaba. A goma na biyu ma kanta bai motsa ba. Ba ta bari mun tsaya ba sai da muka kai ƙarshe, tana kallona duk lokacin da na sauke kai. Sannan ta ce in matsa can bakin ƙofa, in kira Hajiya ta danga, a aika wa Majo Isufu, babban ma'aikacin gidan likita. Kafin azahar zazzaɓi ya rufe ta. Da gardawa suka zo da amuku, abin ɗaukar marasa lafiya, za su ɗauke ta, na kutsa na cusa mata carbin a hannu. Ta yi ƙoƙarin mayar mini, yatsunta suka ƙi. Da shi aka binne ta, a ranar da ba a gaya mini ba sai da aka gama, ba Fada, ba ƙararrawa. Majo da wasu maza uku da ta taɓa karɓar haihuwar 'ya'yansu ne suka haƙa ramin.

Ni kuma aka kai ni wata bukka ni kaɗai, nesa kaɗan da na majinyata, a jira a ga ko na ɗauka. Ba zan iya kwatanta wa mai karatu wannan zaman ba. Rana tana dukan zana, kai yana sara saboda zafi, kuma duk saran kai a wurin nan sunansa ɗaya. Daga inda nake ina jin masu ciwo suna kiran iyayensu. Ina ganin ana fita da wasu a naɗe. Na daina taɓa wuyana, don tsoron abin da hannuna zai gaya mini.

Hajiya Rabi ba ta fasa zuwa ba. Ta kan ajiye ƙwaryar kunu a kan wani dutse da gardawa suka sa iyaka, ta ja baya, ta tsaya tana yi mini faɗa daga nesa wai na rame. Wata safiya na tarar da wani abu naɗe a murfin ƙwaryar. Zaren saƙa ne mai kauri, an ƙulla shi ƙulli goma-goma, da babban ƙulli tsakanin kowane goma. Ashe duk leƙen nan ta danga tana ƙirgawa. A ƙarshensa, inda gicciye ya kamata, ta ɗaura jan tuntu irin na carbinta.

"Wancan abin na ƙarshe ban iya shi ba," ta ce, "kuma ba zan yi ba. Amma ki roƙi Allah da abin da kika iya. Zama haka ba ya yi."

Da shi na ci gaba. Ban san labaran ɗaukaka ba, sai na riƙa maimaita na baƙin ciki. Ba zan ce na ji wata natsuwa ta sauko mini ba, don ban ji ba. Abin da na sani shi ne yatsuna sun sami abin riƙewa, kuma in na kai ƙarshen goma sai in ji muryarta tana cewa ƙasa, sai in sauke kai har haɓata ta taɓa ƙirji, ina kuka.

Yanzu ina koyarwa a lakwal ɗin da ta sa ni. Na kan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Matameye ta yau. An fara kawo wasu fararen ƙwayoyi gidan likita, kuma na ga da idona yaron da wuyansa ya ƙage ya tashi ya koma kiwon awaki. Ranar da na gani sai da na zauna a bakin hanya. Na san ita murna za ta yi, ba za ta tsaya lissafin shekarun da maganin ya makara ba. Ni ce ke wannan lissafin. Za ta ji daɗin ganin 'yan mata sun ƙaru a aji. Za ta yi mita a kan sababbin ungozomomi, ta ce suna sauri. Ni kuma za ta yi mini faɗa, don har yau in bazara ta shigo barci yana ƙaurace mini, in kaina ya sara sau ɗaya sai in ga bukkar zana.

Fada ya ba ni sabon carbi mai ƙwayoyin gilashi, ya kuma koya mini labaran ɗaukaka. Suna da daɗi yadda ta ce. Amma zaren Hajiya nake ja, tuntun ya koɗe, ƙullin sun yi baƙi. Hajiya ta tsufa, ido ya ragu, har yanzu in na shiga gaishe ta sai ta tambaye ni ko wake ya nuna. Goggo ba ta bar gida ba, ba ta bar ɗa ba, kabarinta ma sai wanda ya sani. Abin da ya rage nata a wurina wata ɗabi'a ce da ban zaɓa ba. In na ce wa yara su duƙa kan allunansu, ba rubutun nake fara dubawa ba. Wuyansu nake bi da ido ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun sani ba. Daga ina na samo wannan, a ranar ƙarshe ta zamana a bukka na gane.

Da hantsi ne, hadari ya fara haɗuwa ta gabas karo na farko a shekarar. Majo Isufu ya zo, bai tsaya a dutsen iyaka ba, ya ƙaraso har bakin bukka. Ya dubi idona, ya taɓa goshina. Sannan ya ce, "Tereza, sauke kanki. Haɓa ta taɓa ƙirji."

Na tsaya ina kallonsa.

"Yi mana," ya ce. "Haka ake dubawa. Mai sankarau ba ya iyawa."

Na sauke kai. Ya sauka ba gardama, yadda ya saba.

"Goggonki ta ce mini ba kya bari a taɓa ki," in ji shi. "Na ce to a kawo ki in duba ki da kaina. Ta ce in bar mata, tana duba ki safe da yamma ba ki sani ba. Na tambaye ta yaya, ta ce wannan tsakaninta da Maryamu ne." Ya gyara hularsa. "Allah ya saka mata. Tashi ki ɗauki zanenki, kin fita. Babu abin da ya same ki."

Ya juya ya nufi sauran bukkokin. Can bakin dutse Hajiya tana tsaye da ƙwarya, tana kirana. Ni kuwa ina durƙushe, zaren yana hannuna, haɓata tana kan ƙirjina, na daɗe ban ɗago ba.