Ƙarar da ta bar ni na yi barci

Salamu alaikum ƴan uwa. Wata goma sha ɗaya ban ce uffan a nan ba. Masu cewa na yi kuɗi na manta da mutane, Allah ya sa bakinku ya kama. Ciwo na yi, irin wanda ba a son faɗa.

Muryoyi nake ji.

Abin ya fara ne a shagon ɗinkina na unguwarmu Harobanda, ƙetaren gada. Sai in ji an kira sunana, in waiga, ba kowa. Daga baya suka zama biyu, mace da namiji, suna zancena kamar ba na wurin. "Dube ta, ta ɓata yadin mutane." Da rana da sauƙi. In na kwanta gari ya yi tsit, nan suke baje kolinsu.

Kwana shida ban runtsa ba. Ran na bakwai na ɗora ruwa a wuta na manta, ƴata Nana mai shekara huɗu tana wasa kusa da shi. Allah ya tsare. Amma a ranar Hajiya, uwar mijina, ta ɗauke ta zuwa gidanta a unguwar Maourey, ta ce sai na warke. Ban yi musu ba, gaskiyarta ce. Kuka dai na sha shi.

Maigidana Isufu ya kai ni asibiti. Aka ɗebi jini, aka yi hoton kai, ba a ga komai ba, sai aka tura mu wajen likitan ƙwaƙwalwa. Kwana goma sha biyu aka riƙe ni. Allura da safe, ƙwaya da dare, ƙofa a kulle. Isufu ya sayar da babur ɗinsa kafin mu fito.

Maganin ya rage musu ƙarfi, bai kore su ba. Likita ta ce babban abin shi ne barci, in ban samu ba za a sake kwantar da ni.

Hajiya kuwa ta tabbata aljannu ne. Don ƙauna ta sayo ƴar rediyo mai karatun Alƙur'ani, ta ce a kunna a kaina har asuba, da ƙarfi.

Ga inda na shiga uku. Ina son karatu, da shi na tashi. Amma duk abin da ke da kalmomi, muryoyin nan sai su shiga cikinsa. Mai karatu na yi, su suna yi, ni ina tsakiya ina istigfari, ina jin kamar ni ce mai laifin. In na ce a kashe, an ce aljanin ne ke ƙonewa, a ƙara murya. In na yi shiru, ba barci. Bakina ya zama ba nawa ba, duk abin da na faɗa sai a ce ba ni ce na faɗa ba.

Mako uku ina haka, gaba kura baya sayaki.

Ranar komawa asibiti likita ta fitar da kowa, ta tambaye ni abin da kunnena ke ji in na kwanta. Na gaya mata. Ta ce, "Ni ma musulma ce. Ki saurari karatu da rana, idonki biyu. Da dare ki nemi ƙarar da ba ta magana."

Hajiya ba ta ɗauki ta likita ba. Isufu ne ya yi dabara ya kai ta wajen limamin unguwarsu. Liman ya ce mata karatu abin saurare ne da natsuwa, kuma ba a matsa wa marar lafiya da shi. Ta dawo ta ɗauke rediyonta da kanta.

Sai neman ƙara. Kiɗa ya sa gabana faɗuwa. Ƙarar ruwan sama ta cikin wayar salula, wadda kowa ke yabo, ni raɗa nake ji a cikinta. Fanka ta yi mini daidai, amma kun san halin kuran, wato wutar lantarki, a lokacin zafi: yana ɗaukewa, muryoyin su dawo kamar dama a bakin ƙofa suke. Abin sa wa a kunne kuwa ya fi komai muni, kamar an kulle ni da su a ɗaki ɗaya.

Isufu ne ya lura cewa in ina taka keken ɗinki fuskata tana sakewa. Ya ajiye salularsa gefen keken tana ɗaukar ƙarar, na yi ta taka shi ba zare har minti arba'in. Daren nan muka kunna a hankali, can gefen gado. Ban san lokacin da barci ya sace ni ba, sai kiran salla na ji.

Har yau ina shan maganina, har yau sukan leƙo. Amma ina barci.

Ga mai irin ciwona: je asibiti da wuri, kada ka bar magani don ka ji sauƙi, ƙarar nan taimako ce kawai. Gwada ɗaya bayan ɗaya da ƙaramar murya, abin da ya yi mini ba lalle ya yi maka ba. Ku kuma masu jinya, in marar lafiya ya ce abu na cutar da shi, ku yarda shi ne ke magana.

Na gode wa Allah, na gode wa likitata, da Isufu da har yanzu yake tsallaka gada a ƙafa tun da ya sayar da babur. Na gode wa Hajiya.

Juma'ar da ta wuce ta zo da Nana da ƙullin kayanta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Ga ɗiyarki. Kullum sai ta tambaye ni yaushe za ta dawo wurinki."