Silin Gashi a Miyar Kuka

Ban taɓa niyyar ajiye kare ba. A gidanmu ba a yi, kuma ban san wani daga danginmu da ya taɓa yi ba.

A farkon shekarun saba'in aka turo ni Gaya a matsayin malamin gona, ina sabon fitowa daga jami'a. Aikin ya fi yawa a wajen manoman gyaɗa na Ajingi, don haka a can aka samo mini masauki, wani ɗaki da ke jikin zauren gidan wani dattijo manomi. Ban san kowa ba a garin. Abin da ya riƙe ni shi ne ciyayya. Bayan sallar magariba mazan unguwar kan fito da kwanukan tuwonsu ƙofar gidan dattijon, a shimfiɗa tabarma, a ci tare. Ba ni da yawan magana a wurin. In aka tambaye ni ko bana ruwa zai sauka da wuri, sai in ce mai yiwuwa, amma ba tabbas, su kwashe da dariya. Duk da haka, a yini guda wannan zaman ne kaɗai lokacin da kafaɗar wani take taɓa tawa.

Wajen ƙarshen sanyi na shiga Kano yi wa wani tsohon malamina Bature sallama, za su koma ƙasarsu. Matarsa tana da karnuka biyu, mace da namiji, irin da suke kira korgi: gajerun ƙafafu, kunnuwa a tsaye, fuska kamar ta dila. Gashin dukkansu gajere ne, a kwance. Karyar ta haihu, abokansu Turawa sun kwashe 'yan kwikwiyon, saura ɗaya. Shi wannan ya zo da dogon gashi mai laushi, ja da fari, ya cika masa ƙirji da bayan kunnuwa da ƙafafu kamar an lulluɓe shi da auduga. Matar ta ce masu kiwon irin nan a ƙasarsu aibi suke ɗaukar hakan, kuma in ba a samu mai karɓa ba, likitan dabbobi zai yi masa allurar da ba a tashi. Ta dube ni. Na buɗe baki da nufin in ce a'a, sai na ji kaina ina jero dalilan wannan gefe da na wancan. Kafin in kai ƙarshe ta sa shi a kwando ta ɗora mini a cinya.

Yadda iyaye masu gajeren gashi suka haifi mai dogo bai ba ni mamaki ba, don mun karanta irinsa a wake da masara. Kowane ɗan kwikwiyo yana gadon umarni biyu game da gashinsa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Na gajeren gashi shi ne mai rinjaye. In yana nan, na dogon sai ya yi shiru. Kare zai iya ɗauke da shi har ya mutu ba wanda ya sani. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi, kuma kowannensu ya miƙa wa ɗa guda nasa, sannan ya fito fili. Wannan na sani, ko in ce haka aka koya mana. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan shiga Ajingi da shi.

Na shiga da shi a rufe, na kafa masa 'yar danga a bayan ɗakina. Ban raɗa masa suna ba, don ina ganin in na yi haka kamar na yanke shawarar riƙe shi ke nan, alhali ban yanke ba. Ba wanda ya ce mini komai, har ranar da abin ya faru a wajen ciyayya.

Miyar kuka ce ranar, daga gidan maƙwabcinmu. Wani tsoho da ke gefena ya kai loma, sai ya tsaya. Ya sa yatsu biyu ya zaro wani abu daga cikin kwanon, yana ja, abin yana biyowa. Silin gashi ne ja, dogo. Ina wanke hannuna sosai kafin in fito, amma ban taɓa tunanin duba hannun rigata ba. Tsohon bai dube ni ba. Ya ajiye silin a bakin tabarma, ya wanke hannu, ya ce alhamdulillahi, ya ƙoshi. Ɗaya bayan ɗaya sauran ma suka ƙoshi.

Washegari aka aiko mini da tuwona ɗaki. Da safe maigidan ya same ni ina gyaran keke, ya tsuguna a gefena.

"Malam, ka kwana lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

"Ba korarka aka yi ba, ka ji? Gurbinka yana nan a tabarma. Amma mu a saninmu kare iri uku ake ajiyewa: na farauta, na kiwo, da na gadin gona. Naka wanne ne?"

Na ce a ƙasarsu an ce shanu suke korawa, ko da yake ni ban gani da idona ba.

Ya leƙa ta saman dangar, ya dubi ƙafafun, ya daɗe yana kallo.

"Wannan? Shanun ƙasar tasu kamar zomaye suke ne?"

Ya miƙe yana dariya, amma maganar ta riga ta fito: muddin karen yana bayan ɗakina ba sana'a, a ɗaki zan ci tuwona. Ni kuwa na san in na sake shi, ba zai kwana biyu ba.

Haka na shiga bazara. Zafi ya matsa wa karen, yakan kwanta a jikin randa harshe a waje, ni kuma ina tsaye a kansa ina fargaba. Na je wurin wanzamin unguwar, na yi ta kewaye-kewaye kafin in faɗi abin da ya kawo ni.

"Kai, malamin gona! Askar da nake aske kan liman da ita?" Ya juya ga mutumin da yake yi wa aski. "Ka ji ko? Gobe sai ya kawo shi a yi masa ƙaho."

Na sayi almakashi a kasuwa na yi da kaina, na sauke gashin har kusa da fata. Rana ta ƙone masa baya, ya yi ja, ya yi ta kuka in an taɓa. Daga nan na koyi rage na ciki da na ƙafafu da na tsakanin yatsu kawai, in bar na baya ya yi masa inuwa. Kafin damina ta yi nisa gashin ya dawo yadda yake, dogo, mai laushi. Na san zai dawo. Almakashi ba ya kaiwa inda abin yake.

Duk daminar nan ni kaɗai nake cin tuwo. Ta jikin bango nakan ji muryoyinsu, da ƙarar buta, da dariyar da ban san dalilinta ba. In na gama sai in zagaya baya kafin duhu ya rufe, in zauna a kan turmi a kife, in cire masa kaska, in taje shi da wani tsohon mataji. Nakan yi masa magana. Nakan gaya masa yadda gyaɗar wane ta yi kyau, da wanda ya ƙi karɓar sabon iri, da abin da nake ganin ya kamata in faɗa wa mutumin amma ban faɗa ba. Shi ne kaɗai a garin da ba ya gajiya kafin in kai ƙarshen magana. Ba zan ce hakan ya ishe ni ba. Wani lokacin, yana kwance a kan ƙafata, nakan ji haushinsa, sannan in ji kunyar jin haushin.

Da aka gama kaka, wani makiyayi daga wajen Gafasa ya kawo garkensa gonar maigidanmu, kamar yadda suka saba duk shekara: shanu su ci kara, gona ta samu taki. Wata safiya maigidan ya ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Malam, ka ce irinsu shanu suke korawa? To, ga shanu sun zo."

Na ɗauke shi a kwando a bayan keke. Makiyayin dogo ne, ya manyanta, sanda a kafaɗa. Da na sauke karen, sai mutumin ya ja da baya yana dariya.

"Ɗan boko, wa ya yanke masa ƙafafu?"

Na ce haka irinsu suke, Baffa. Ban gama ba karen ya bar wurin. Bai taɓa ganin saniya kusa ba, amma ya yi ƙasa da jiki, ya zagaya bayan wata karsana da ta ware, ya ɗan kama mata agara. Ta kai harbi, ya kwanta ƙasa, kofaton ya wuce ta samansa. Ya sake tashi, ya sake kamawa, har ya mayar da ita cikin garke. Makiyayin ya daina dariya. Ya sauke sandar daga kafaɗa.

Sai kuma karen ya zauna a tsakiyar gona ya ƙi motsi. Da muka isa, ƙarangiya ta cika shi, ciki da hammata da tsakanin yatsu, gashin ya dunƙule ya zama curi-curi. Na yi sakaci ban rage masa ba kwanan nan. Na ɗauko shi muka zauna a gindin wani gawo, ni ina yankewa, makiyayin yana kallo. Can sai ya tsuguna ya fara cire na kunne da nasa yatsun.

"Wayo kam yana da shi," in ji shi. "Rigar ce ba ta daji ba. Ina da karya a ruga. In ya bi ta, 'ya'yan duk da bargon nan za su zo? Don ba zan tara wa kaina aiki ba."

Na gane cewa a kan amsata maganar take. Na ce a iya sanina, in dai ita ba ta ɗauke da shi a ɓoye, kuma da wuya a ce tana ɗauke da shi, to ba ko ɗaya da zai zo da dogon gashi. Amma dukkansu za su riƙe shi a ciki. In 'ya'yan suka haɗu da juna, a cikin jikoki ana sa ran kamar ɗaya cikin huɗu, sai dai wannan lissafi ne na abu mai yawa, ba alkawari ba ne a kan haihuwa guda, kuma akwai yiwuwar...

"Malam, Malam. Tambaya ɗaya na yi maka, ka koro mini garke. E ko a'a?"

"'Ya'ya, a'a. Jikoki, wataƙila."

Ya murza ƙarangiya a yatsa.

"Mu ma farar saniya takan haifo launin kakarta," ya ce. "Jikoki na Allah ne. Ka bar mini shi, ka haɗa da almakashin. Nuna mini inda ake yankewa."

Na nuna masa: ciki, ƙafafu, tsakanin yatsu, a bar baya saboda rana. Na maimaita. Na sake maimaitawa, har ya ce ya ji, ba kurma ba ne. Na ba shi matajin ma. Da na hau keke karen ya biyo ni har bakin gona, sai wata saniya ta ware, ya tsaya yana dubana yana dubanta. Ban tsaya in ga wanda zai zaɓa ba.

Ranar, bayan magariba, na canja riga na fito. Ba wanda ya yi zancen. Tsohon nan ya matsa ya ba ni wuri, wani ya tambaye ni ko baɗi ruwa zai zo da wuri, na ce mai yiwuwa, aka yi dariya. Kafaɗar wani ta taɓa tawa. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma da aka watse ƙafata ta kai ni bayan ɗaki kafin in tuna. Turmin yana nan a kife.

Muddin garken yana gonar ina zuwa duba shi. Makiyayin yana rage gashin yadda na nuna masa, ko da yake hannunsa ya fi nawa nauyi. Da kara ya ƙare suka yi kudu. Shekarar da ta biyo baya, ruwa ya yi ƙaranci, ba su dawo gonar ba, kuma ba wanda ya iya gaya mini inda suka sauka. Na daɗe ina tsintar jan gashi a cikin bargona.

Wajen ƙarshen shekarun saba'in, bayan an mayar da ni Kano, aiki ya kawo ni wajen Kademi a motar ofis. Wani garke ya tare mana hanya, direba ya tsaya yana tsaki. A bayan shanun, daf da motar, wani kare ya wuce. Baƙi ne, ba ja ba, kuma ya ɗan fi nawa tsawo, amma ƙafafunsa gajeru ne, gashinsa dogo, ya zubo ta bayan kunnuwa. An rage masa na ciki da na ƙafafu, an bar na baya.

Ba zan iya cewa jikansa ne ba. Akwai wasu bayanan, na kuma jera wa kaina su tun daga lokacin. Ina cikin auna ko ya dace in tsayar da motar gwamnati saboda kare, saniyar ƙarshe ta haye, direba ya sa giya. Na juya ina kallo ta gilashin baya. Wani maraƙi ya tsaya a bakin hanya, karen ya koma, ya yi ƙasa da jiki, ya zagaya ta bayansa.