Ranar da Muka Shiga Inugu a Kan Keke

Ko zan manta da komai na zamana a kudu, ranar ƙarshe ta tafiyarmu ta keke ba za ta bar raina ba. Shekaru sun wuce, amma ban taɓa ba da labarin ba tare da na tsaya a tsakiya ba.

Mu 'yan arewa ne masu ƙananan sana'o'i a Fatakwal, masu tura baro, masu gyaran takalmi, da mai shayi ɗaya. Bayan babbar Sallah muka shirya ziyarar zumunci a kan keke, mu bi ta Anacha mu ƙare a Inugu, muna kwana a masallatan Hausawa. Ni Inugun ce a raina, domin yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, yana kwance a unguwar Asata ba lafiya. Na so in hau mota in je, ya hana ni. Ya ce jiki da sauƙi, kuma yana so ya ga ƙanen da ya koya wa keke ya shigo gari a kansa.

Dokarmu ita ce da asuba kowa ya miƙa wayarsa ga shugaban tafiya, wani dattijo mai sayar da albasa, don kada a amsa kira a kan titi. Haka muka yi a Head Bridge, bakin gadar Anacha, ranar ƙarshe. Na ga shugaban ya koma gefe yana waya, daga nan ya kira mutum biyu suka yi ƙus-ƙus. Na ɗauka maganar hanya ce.

Mai shayin nan Bazazzagi ne, ni kuma Bakano, tun daga Fatakwal ba mu bar wa juna ba. Kullum cewa yake Bakano ba zai kai Inugu ba sai ya sayar da keken a hanya. Ranar kuwa ya zo ya duba mini taya da kansa, ya kira ni ɗan'uwa. Na ce masa wane laifi ya yi mini da yake lallashi. Bai yi dariya ba.

A tashar Upper Iweka muka tarar da cunkoso, kwandastoci suna ta kiran Inugu. Na ce cikin wasa ga mai sauƙi nan, mu ɗora kekunan a mota mu huta. Mai shayi ya taka birki ya juyo yana kallon shugaba. Shugaba ya ce mu je, amma ni in wuce gaba tunda gida za ni. Na ji daɗi, na zaci girmamawa ce.

Muka yi azahar a gefen hanya. Suka tura mini naman da ya rage, kowa yana kallon ƙasa. Ni kaɗai nake surutu, ina ba su labarin yadda Yaya zai sa a dafa mana shinkafa, yadda zai tsokane ni kan ramar da na yi. Har yau ina mamakin yadda suka iya saurare.

Bayan la'asar muka gangaro cikin gari. Da muka shiga layinmu a Asata na hango tabarmi a shimfiɗe, maza cike har bakin titi. Na ce lallai Yaya ya tara mana gari. Na ɗaga hannu ɗaya sama, ina ta kaɗa ƙararrawa da ɗayan. Babu wanda ya tafa. Na waiga, na ga abokan tafiyata duk sun sauka tun farkon layi suna tura kekunansu.

Limamin unguwa ya taso ya riƙe kan kekena. A lokacin na lura da jar ƙasa a ƙafafun wandonsa, da na mutanen da ke bayansa.

Ya ce, "Sauko tukuna, ɗana. Ashe ba a mota ka zo ba?"

Yaya ya rasu tun asuba. Sun gaya wa shugaba a waya ya sa ni a mota, suka jira ni har bayan azahar, da suka ga shiru suka kai Yaya makwancinsa. Ban yi kuka a wurin ba. Na zauna a ƙasa da gumin hanya a jikina, mutane suna miƙo mini hannu, ina amsawa ban san me nake cewa ba.

Washegari shugaba ya same ni ya durƙusa, dattijo da furfurarsa. Ya ce a gida ba a faɗa wa mutum rasuwa a kan hanya, sai an kai shi gaban manya, kuma ya ji tsoron in faɗi a gaban tirela. "Duk inda muka tsaya sai in ce a gaba zan faɗa maka. Ka yafe mini."

Na yafe masa, don na san tausayi ne. Amma tausayin nan ya hana ni sallatar wanda ya raine ni, kuma wannan ba ya dawowa. Abin da na koya shi ne, labarin mutuwa haƙƙin mai shi ne. Tun daga nan, idan aka aike ni da irinsa, nakan zaunar da mutum in gaya masa gaskiya nan take, tun yana da lokacin da zai riski gawarsa.