Minti Bakwai na Baba Arzika

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da aka ce in karanta lokaci a gaban Darakta ba. Ƙarshen zamanin mulkin soja ne. Ina masinja a wani ofishin gwamnati a nan Sakkwato, ban kuma daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi mana bayan la'asar a Mabera ba.

Ga waɗanda ba su riski lokacin ba, akwai littafin sa hannu a bakin ƙofa. Da an buga ƙarfe takwas sai babban akawu ya ja jan layi. Wanda sunansa ya faɗo ƙarƙashin layin sau uku a wata zai sha takardar gargaɗi, kuma a lokacin soja gargaɗi ba shi da nisa da kora. Mai buga ƙarfen shi ne Baba Arzika, dattijon maigadinmu. Wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota ya rataya a dogonyaro. Duk awa sai ya duba agogon aljihunsa ya doka, har masu shagunan bakin titi da shi suke sanin lokaci.

Da aka kawo mana kwamfuta, Malam Nasiru mai buga takardu ya samo wata 'yar manhaja a faifai, irin wadda ake rabawa kyauta. Aikinta ɗaya ne: ta sa kwamfutar ta yi ƙararrawa duk awa. Mun ɗauke ta abin wasa, har muna tsokanar Baba wai an kawo masa ƙane.

A ranar nan Darakta ya yi sammako, ya shigo ɗakin Nasiru neman wata wasiƙa, ina tsaye da fayiloli. Kwamfuta ta buga takwas. Waje shiru. Darakta ya kasa kunne. Sai can ƙarfen Baba ya tashi.

Darakta ya laluba aljihu bai sami tabarau ba, ya juyo gare ni yana nuna fuskar kwamfutar. "Umaru, an ce kana zuwa makaranta. Karanta min lambar nan ta ƙasa."

Nasiru ya yi tari, ya taka mini ƙafa. Ban gane ba. Tunda nake, babban mutum bai taɓa cewa in karanta masa komai ba. Na sunkuya, na bi lambobin da yatsa, na ce da ƙarfi, "Takwas da minti bakwai, ranka shi daɗe."

Ni aka aika in kira Baba.

"Agogonka ya lalace ne?" in ji Darakta.

"Lahiya lau yake, ranka shi daɗe."

"To me ya kawo minti bakwai?"

"Motar da ma'aikatanmu na Runjin Sambo ka shigowa ba ta iso ba. Ina hangen kwanar titi, in na ga sun sauka sannan in buga. Masu iyali na, kuma ba su ka tuƙa motar ba."

"Tun yaushe kake haka?"

"Tun ba a kawo ka ba, ranka shi daɗe."

A nan na tuna safiyoyin da na sha gudu daga Ƙofar Taramniya, ina dangwala yatsa a littafi ƙarfe na bugawa. Na ɗauka sa'a ce.

Ba a kori Baba ba. An mai da shi gadin wani sito a bayan gari, inda babu wanda ke bukatar sanin lokaci. Aka sauke ƙarfen, aka jona wa kwamfutar lasifika a baranda.

Ranar da yake naɗe tabarmarsa na durƙusa na ce, "Baba, ka yahe man."

Ya yi dariya. "Mi kay yi? Daidai ka karanta, ɗana. Kak ka sake ka bar makarantar nan saboda ni."

Ban bari ba, ga shi yau da hannuna nake rubuta wannan. Baba ya rasu da daɗewa, ban ko je na gan shi a siton ba, kunya ta hana ni.

Ku da kuka shigo aiki yanzu, kowane ofis yana da dokar da ke rubuce, yana kuma da wani ƙaramin ma'aikaci da ke sassauta ta a ɓoye don mutane su rayu. Ku nemi sanin ko wane ne tun kafin a tambaye ku. Ni sai da na karanta lambar na san na ofishinmu.