Ranar da Aka Je Wa Inna Gaisuwar Mutuwarta

Shekara uku ina rubuta gajerun labarai ana karanta su a wani gidan rediyo na Dogon Dutsi, ban taɓa samun wanda ya tare ni a hanya ya ce labarin jiya ya yi daɗi ba. Tambayar kullum ɗaya ce: wane ne mutumin? Idan na rubuta tela mai cin yadin mutane, kafin sati ya zagayo an gama nuna shagon wani bawan Allah a bakin kasuwa. Idan na ce daga kaina na ƙago shi, sai a yi murmushi a ce to, mushe, mun gane, ba ka son faɗa. Mushe, wato malam a bakin masu Faransanci, suke ce mini don ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, kuma a ganinsu mai koyarwa ba zai zauna ya ɓata takarda a kan mutumin da babu shi ba.

Shirin yana zuwa ran Laraba bayan la'asar, da an gama kominike, wato sanarwar aure da suna da ɓatan jaki da rasuwa. Kominike biya ake yi, labari kuwa kyauta nake ba su, saboda haka duk ranar da sanarwa ta yi yawa labarina ne ke rage tsawo. Mai karatun mutum ne mai murya, ba na hana shi wannan, amma in lokaci ya ƙure masa yanka yake yi duk inda wuƙarsa ta faɗa. Ya taɓa yanke mini ƙarshen labari gaba ɗaya ya ce masu saurare su ƙarasa da kansu. Haka na koyi matse komai cikin shafi huɗu na kaye, littafin rubutun 'yan makaranta.

Labarin da ya jawo mini abin da zan faɗa na wani mutum ne da ya shiga ɗakin uwarsa bayan an binne ta, yana duba kayan da ta bari. Sau huɗu ina rubuta shi da "wani mutum", yana fitowa salam kamar tuwon jiya. A na biyar na mayar da shi bakin mutumin, na ce "ni", nan take labarin ya tashi. Daɗin hakan ya kwashe ni na sa sunan ƙauyenmu na gaskiya, can gefen Ɗan Kassari, na sa ƙwaryar Inna wadda aka ɗinke da baƙin zare, domin na yi imani ƙaramin abu na gaske shi ke riƙe labari. Ban yi sakaci ba. A shafin farko na rubuta da manyan baƙaƙe cewa labarin ƙagagge ne, har na ja layi biyu a ƙasa.

Larabar nan aka yi rasuwa da yawa. Mai karatu ya gama sanarwar mamaci na ƙarshe, ya dubi agogo, ya tsallake shafina na farko. Ko kiɗan da suke sakawa a tsakani bai saka ba. Da muryar da ya gama jero mamata ya ɗora: "Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da faifan Inna a inda ta bar shi." Ya karanta shi da kyau, Allah ya sani. Da ya kai ƙarshe ya faɗi sunana da lakwal ɗin da nake aiki, sannan bakinsa da ya saba ya ƙara da Allah shi jiƙanta.

Ina tsakar gida ina jin daɗin jimlolina salula ta fara ƙara. Kafin magariba maƙwabta sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidana, darektan lakwal ya aiko cewa in ɗauki kwana bakwai. Na fito ina bayani ana ce mini in yi haƙuri. Ina cewa Inna tana raye, wani dattijo yana dafa kafaɗata yana cewa haka rashin uwa yake, mutum ba ya yarda da wuri. Na kira ƙanena a ƙauye, da kyar rezo ya kama layi ya shiga, na ce ya gaya wa kowa kuskure ne, ya kuma lallashi Inna. Na ɗauka na gama da wannan ɓangaren.

Ban gama ba, domin tsofaffinmu ba sa gaisuwar mutuwa ta salula, ƙafa ake sawa. Wanda ya ji a rediyo ya gaya wa wanda bai ji ba, da safe kowa ya ɗaura wa jaki amalanke ko ya hau moto, wato babur. Daga baya na ji yadda aka yi. Dangi daga Kiéché, surukai daga Tibiri, har ƙawar Inna Bafulatana da ta taso daga ruga da ƙwaryar nono. Suna shiga da salati sai su tarar da mamaciya a gindin rumbu tana ɓarar wake. Wata gwaggo ta yar da mayafi ta yi waje tana cewa iska ce. Wanda ya zo daga nesa kuma ba a kora shi da yunwa, saboda haka Inna da kanta ta riƙa tuƙa tuwon masu zaman makokinta.

Ni kuwa ina Dogon Dutsi ina yaƙi. Alhamis na wuni a gidan rediyo ina neman a karanta gyara. Mai karatu ya ce shi bai ga laifinsa ba, tunda ni na rubuta "ni", kuma in da gaske nake son gyara sai ya bi layin kominike. Juma'a na tsaya musu da ɗan kawuna, wani matashin ɗan kasuwa mai wa'azi, wanda ya ce ƙarya ƙarya ce ko an yi mata shafi huɗu. Na yi masa bayanin bambancin marubuci da mai ba da labari har muryata ta dushe, ya saurara tsaf, sannan ya tambaye ni ko Inna ta mutu. Na ce a'a. Ya ce to. Asabar na rubuta gyaran, na sake shi sau uku don kada a ce mushe bai iya sanarwa ba. Kuma in faɗi gaskiya, a ƙasan haushin nan akwai wani daɗi da nake ɓoyewa: mutane sun yi kuka, labarin ya yi aiki.

Da yammacin Asabar kawu ya kira ni. Bai amsa gaisuwata ba. Ya ce Inna ta ce kada a sake ambata mata sunana, ta kuma hana ƙanena ba ta salula in ni ne. Fushin gari duka ban damu da shi ba, amma ban san yadda mutum zai ɗauki bik ya rubuta ko layi ɗaya uwarsa tana fushi da shi ba. Lahadi da sassafe na hau moto.

Na same ta a gindin rumbun, baƙi sun watse, tsakar gida duk tokar murhu. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa ƙasa. Na kwashe bayanin da na tanado a hanya na zuba mata: shafin da aka tsallake, muryar mai karatu, yadda ake ƙaga labari, yadda "ni" na takarda ba ni ba ne. Na daɗe ina magana. Na shirya wa faɗa, na shirya ta ce na yi mata mugun fata, har na shirya rantsuwar barin rubutu in ta nema.

Ba ta nema ba. Ta ce ita mutuwa ba ta ba ta tsoro, labarin kuwa, ƙanena ya kunna mata a salula ta ji, ba laifi, sai dai ƙwaryar ba da baƙin zare aka ɗinke ta ba, ja ne. Na buɗe baki zan ce baƙi ya fi dacewa da labarin, Allah ya taimake ni na rufe.

Sannan ta shiga lissafa mini waɗanda suka zo, gida gida. Tsohuwar da ba ta gani sosai, wadda aka ɗauko a amalanke. Matar da suka yi shekaru ba sa ga maciji, ta shigo tana kuka na gaske. Ta ce abin da mutum ba ya samu ke nan ta samu, ta ga masu zuwa gaisuwarta da idonta. Ta ajiye faifan waken, ta dube ni karon farko tun isowata.

"Kwana ukku ina zamne nan," in ji ta. "Kowa yac ce salamu alaikum sai in ɗaga kai in gani ko kai na."

Na ce ai na kira, na aiko ƙanena ya gaya mata, kuma ina can ina gyara abin da aka ɓata.

"Na jiya," ta ce. "Waɗanda sunka zaka, ba su da salula ne? Da mutuwar gaskiya ta, ɗana, ko sadakar ukku ba ka iske ba."

Ta tura mini faifan da ƙafa, na gyara zama a ƙasa na kama ɓarar wake.