Ƙafar da Nereida Ta Hana Ubanta

In ka shiga bas ɗin unguwarmu da safe, nan yammacin San Antonio, ka ga direba mace mai ɗaure gashi da jan ƙyalle, wadda ba ta tayar da mota sai tsohuwa ta ƙarshe ta zauna, ko da 'yan baya za su tsinke harshe da tsaki, to Nereida Ontiveros ke nan. Ni tela ce, sunana Ofelia. Rigunan bikin cika shekara sha biyar da na ɗinka wa 'yan mata sun fi ɗari uku, amma labarin tata kaɗai nake bayarwa.

Tana da shekara huɗu uwarta ta rasu. Ba a yi wata shida ba ubanta, Eliseo, ya ce zai je Houston tuƙin babbar mota ya dawo. Dawowar ta ɗauke shi shekara goma sha ɗaya. Kakarta ta wajen uwa, Doña Chayo, ita ta riƙe ta. Da rana tana goge daɓen gidajen masu hali a kan gwiwoyinta, ran Asabar ta sayar da tamal, irin alalenmu na masara, a bakin coci. Yarinyar ta tashi da baki kamar reza, kuma ban ga laifinta ba.

A bikin sha biyar, bayan an fito daga coci, sai a zaunar da yarinya kan kujera a tsakiyar zaure. Ubanta ya durƙusa a gabanta, ya cire mata takalmin ƙuruciya, ya sa mata mai tsini, su yi rawar farko. Daga nan ta zama budurwa a idon kowa. Doña Chayo ta adana takalmin da 'yarta ta sa a nata bikin, ta kawo mini na lulluɓe shi da yadin rigar Nereida. Wanda zai sa mata ne ba a tsayar ba.

Saura sati uku, sai ga Eliseo da ƙanwarsa Hortensia a shagona, ina tsaka da gwada wa yarinyar riga. Ya yi ƙiba, yana rungume da kwalin takalmi kamar wanda ya zo da jariri. Raina ya ɓaci har na soki yatsana da allura.

"Ga ubanki Allah ya dawo da shi," in ji Hortensia. "Ke ba ki iya gaisuwa ba ne?"

"Sannu da zuwa, Baba. Hanyar Houston ɗin da nisa, ko?"

Hortensia ta dube ni. "Kin ji ta ko? Rashin kunya tsagwaronta! To ki sani, shi zai sa miki takalmi. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwarki."

"Uwata ubanta yana gida, Goggo."

Da suka fita, Doña Chayo, wadda ta rako Nereida shagon, ta kama kunnenta. "Ja'ira, so kike a yi da ni a unguwa, a ce na raba ɗa da uba? Ki miƙa masa ƙafa, minti biyu ne, ba mutuwa za ki yi ba."

"Ke zan miƙa wa, Kaka."

"Ni? Mace ta taɓa yi? Da wace gwiwar ma?"

"Da wadda ke kuka kamar ƙofar shagon nan. Ai ta durƙusa wa daɓen wasu shekara sha ɗaya."

Tsohuwar ta kai mata duka da jaka, ba ta same ta ba. Muka ɗauka zancen ya mutu.

Ranar biki zauren coci ya cika maƙil. Makaɗa suka sassauta, aka zaunar da Nereida. Eliseo ya fito cikin sabon kwat, ana ta tafi, ya durƙusa ya buɗe kwalinsa. Takalmi ne ruwan azurfa, mai kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ya miƙa hannu, sai ta janye ƙafafunta ƙarƙashin kujera.

"Baba, lamba nawa nake sawa?"

Ba ta ɗaga murya ba, amma har masu rabon abinci sun ji. Ya dubi kwalin, ya dubi ƙanwarsa.

"Biyar mana, 'yata."

"Takwas. Tun ina aji huɗu na wuce biyar. Kaka ta san ranar, don ita ta yanke bakin takalmin da wuƙa na ƙarasa shekarar da shi." Ta juya. "Kaka, zo. Ba zan tashi daga nan ba, ko a kwashe kujerun."

Hortensia ta fara salati irin namu tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na zaro takalmin uwar Nereida daga jakata, don zuciyata ta ba ni tun safe. Doña Chayo ta taso tana zage-zage ƙasa-ƙasa, ta karɓa, ta dafa kujera ta durƙusa. Zaure ya yi tsit har muka ji ƙarar gwiwoyin nan. Ta ɗaura igiyar, hawayenta na ɗiga kan yadin da na sha wahalar ɗinkawa.

Tashi kuma ya gagara. Eliseo ya matso zai kama ta, Nereida ta ce, "Bari, Baba, na saba." Ta miƙe tana tangaɗi a kan tsinin da ba ta taɓa hawa ba, ta ciccibi tsohuwar, suka yi rawar a haka, jika na riƙe da kaka. Rabin zauren sun yi tafi, rabi sun taɓe baki, kuma har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwar Nereida. Eliseo bai jira an yanka kek ba, ya tafi da kwalinsa.

Shekara biyun ƙarshe na rayuwar Doña Chayo ko sunkuyawa ba ta iya yi. Kullum da safe, kafin Nereida ta tafi ɗauko bas, sai ta durƙusa cikin kayan aikinta ta sa wa tsohuwar takalmi, ana zaginta tana dariya. Lamba shida, mai faɗin baki saboda kumburi. Nereida ba ta taɓa tambayar lambar ba.